Lahanin Bututun Numfashi a Jarirai: Yadda Yake Faruwa, Yadda Ake Gane Shi, da Inda Gado Ya Shigo

Bututun numfashi na sabon jaririn da ya cika wata tara a ciki bai fi santimita 4 a tsawo ba, faɗin cikinsa kuma milimita 4 zuwa 5 ne kacal, kusan kamar tsinken shan lemo. Ta wannan 'yar hanya duk iskar da zai rayu da ita take bi. In bangon bututun ya kumbura da milimita 1 a kewaye, hanyar da take milimita 4 ta koma 2, filin da iska take bi ya ragu da kashi 75 cikin 100, wahalar tura iska kuma ta ninka har sau 16. Shi ya sa murar da babba zai yi ya ci gaba da harkokinsa take iya kai jariri ga halaka idan da ma bututunsa yana da tangarɗa.

Bututun ba tsoka zalla ba ne. Zobba 16 zuwa 20 na guringuntsi ne suke riƙe da shi, kowannensu da siffar harafin C, buɗaɗɗe ta baya. Wata tattausar fata mai tsoka ce ta rufe wannan buɗaɗɗen gefe, a bayanta kuma bututun abinci yake kwance, jiki da jiki. Kusan duk lahanin da ake haihuwar yaro da shi a wannan wuri ya danganci ɗaya daga cikin abubuwa uku: ko bututun biyu ba su rabu da kyau ba, ko zobban sun yi laushi, ko sun rufe zagaye sun matse hanya. Wata jijiyar jini kuma tana iya danne bututun daga waje.

Bututun numfashi da na abinci asalinsu ɗaya ne. A mako na 4 bayan shigar ciki, hanya guda ce ke saukowa daga maƙogwaron ɗan tayi. Daga nan zuwa wajen mako na 6 sai ta tsage gida biyu, na gaba ya zama hanyar iska ya tsiro da huhu, na baya ya zama hanyar abinci. Ƙwayoyin gado ne ke ba da wannan umarni: NKX2-1 tana aiki a ɓangaren gaba, SOX2 a ɓangaren baya, wasu kuma suna daidaita tsakaninsu. A wannan lokaci mace ba ta wuce ɓatan wata ɗaya ko biyu ba, wata ma ba ta san tana da ciki ba. Don haka aikin da ta yi da tsohon ciki, ko abin da ta ci a wata na bakwai, ko faɗuwar da ta yi, ko doguwar naƙuda, babu wanda ya jawo lahanin. Ya kamata dangi su ji wannan da wuri, kafin a fara ɗora wa mai jego laifin da ba nata ba.

Jaririn da ke kumfar baki

Lahanin da saurin ganewa ya fi tasiri a kansa shi ne toshewar bututun abinci tare da wata ƙofa da ta haɗa shi da bututun numfashi. Ana samunsa a wajen haihuwa 1 cikin 2,500 zuwa 4,500. Siffofinsa biyar ne, amma guda ɗaya ta ɗauki kusan kashi 85 cikin 100: bututun abinci na sama ya tsaya a saman ƙirji ya zama jaka mara mafita, na ƙasa kuma, wanda ya taso daga tumbi, ya je ya buɗe a bayan bututun numfashi, daf da inda ya rabu zuwa huhu biyu. A kashi 7 zuwa 8 babu ƙofar, toshewa ce kawai, da tazara mai yawa tsakanin bakin sama da na ƙasa. A wajen kashi 4 kuma bututun abinci lafiyarsa lau, ƙofar ce kaɗai ta haɗa su.

Likitan Ingila Thomas Gibson ya bayyana wannan siffa mai yawa tun 1697, amma duk jaririn da aka haifa da ita mutuwa yake yi har zuwa 1939, lokacin da William Ladd a Boston da Logan Leven a Minnesota suka ceto yara ta hanyar tiyata daki-daki. A 1941 Cameron Haight, a Ann Arbor ta jihar Michigan, ya ɗaure ƙofar ya kuma ɗinke bututun abinci a zama ɗaya, yarinyar ta rayu. Aikin da ake yi yau a kan wannan tsari yake.

Alamar farko tana zuwa tun kafin haihuwa. Ɗan tayi yana haɗiyar ruwan mahaifa, to idan hanya a toshe take sai ruwan ya taru, cikin ya yi girma fiye da watanninsa, faya ta fashe da ruwa mai yawan gaske, wani lokaci naƙuda ta zo kafin lokaci. A hoton ciki kuma tumbin yaron yakan yi ƙanƙanta ko a kasa ganinsa. Hoton ba ya kama kowa, mafi yawa sai bayan haihuwa ake ganewa, amma duk ungozoma ko nas da ta karɓi haihuwa mai yawan ruwa ta sa wannan lahani a ranta.

Bayan haihuwa alamar a fili take ga wanda ya san ta. Farar kumfa ce ke fitowa ta baki da hanci, a share ta dawo, a zuƙe ta dawo, domin yaron ba ya iya haɗiye yawunsa. Da an sa masa nono sai ya kama da ƙarfi, ya yi zuƙa biyu ko uku, sai ya ƙware, ya yi tari, nonon ya dawo ta hanci, leɓe da harshe su yi duhu. A fatarmu ba a jiran jiki ya canza launi, harshe da dasashi ake dubawa.

Illar ta hanya uku take zuwa. Yawu da nono suna cika jakar sama su malala cikin huhu. Ruwan tumbi mai tsami yana hawowa ta ƙofar ya ƙona huhu, wannan ma ya fi nonon ɓarna. Sannan duk kukan da yaron ya yi, iska tana bi ta ƙofar zuwa tumbi, ciki ya kumbura ya tokare huhu daga ƙasa. Jaririn da aka kawo a rana ta farko, huhunsa a bushe, da wanda aka kawo a rana ta biyar bayan an yi ta gwada shayar da shi, lahaninsu ɗaya, amma makomarsu ta yi nisa da juna.

A nan ne al'adarmu take shigowa, kuma dole a faɗe ta. A gidaje da yawa na Arewacin Najeriya da Nijar a gida ake haihuwa, abin da ake fara ɗiga wa jariri kuma shi ne ruwan ɗumi, ko zamzam, ko rubutu, ko zuma, da kyakkyawar niyya. In ya ƙware sai a ce bai iya kama nono ba tukuna, a koma cokali, a jira ranar suna. Wasu kuma su ce beli ne ya tsaya masa a wuya, a kira wanzami. Jaririn da ke kumfar baki ba a sa masa komai a baki, ko ɗigo ɗaya, sai an tabbatar hanyarsa a buɗe take. Cire beli kuwa jini yake ƙara wa maƙogwaron da ya riga ya cika.

Gwajin ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Robar da ake zurawa ta hanci zuwa tumbi, mai ɗan tauri, ake samu, lamba 10 ga cikakken jariri, lamba 8 ga bakwaini, a zura ta baki. Idan hanya a toshe take, robar za ta tsaya cak a santimita 9 zuwa 12 daga dasashi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne amfani da siririyar roba mai laushi, lamba 5 ko 6: tana naɗewa a cikin jakar, mai zurawa ya ɗauka ta kai tumbi, ya ce a ba da nono. Bayan an zura sai a ɗauki hoto ɗaya da ya haɗa ƙirji da ciki, robar tana ciki. Bakin robar zai nuna inda jakar ta ƙare. In an ga iska a tumbi da hanji, akwai ƙofa a ƙasa. In cikin babu iska ko kaɗan, toshewa ce zalla, kuma a sa ran tazara mai tsawo. Ba a ɗura farin ruwan hoto a wannan jaka, domin huhu zai gangara.

Daga nan sai shirin tafiya, kuma yadda aka yi jigilar yaron yana da nauyi daidai da tiyatar kanta. A bar robar a cikin jakar ana zuƙe yawu da sirinji duk minti 10 zuwa 15, har a cikin mota. Manyan asibitoci suna da roba mai hanya biyu da Robert Replogle ya ƙirƙiro a 1963, wadda ke zuƙa ba tsayawa, amma sirinji da mutum mai lura suna yin aikin. A ɗaga kan yaron da ƙirjinsa kamar digiri 30 zuwa 45 don kada ruwan tumbi ya hau. A sa masa ƙarin ruwa mai suga kashi 10, da allurar bitamin K, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A ɗumama shi sosai, da hula da safa. In yana buƙatar iskar oksijin a ba shi ta hanci, amma a guji matsa masa iska da jakar hannu sai in ba makawa, saboda iskar tumbi za ta tafi, tana ma iya fasa shi. Sannan a nufi asibitin da ke da likitan tiyatar yara kai tsaye, ba a bi ƙananan asibitoci ɗaya bayan ɗaya ba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Sakkwato, Maiduguri da Jos, suna da sashen tiyatar yara. A buga waya kafin a tashi, don a san akwai gado.

Kafin a shiga tiyata ana duba sauran jiki, domin kusan rabin yaran suna da wani lahanin daban, zuciya ce kuma kan gaba. Likitoci suna tuna jerin da VACTERL, wato haruffan farko na sunayen sassan a Turanci: ƙashin baya, dubura, zuciya, bututun numfashi da na abinci, ƙoda, da hannuwa. Wasu da ido ake ganinsu, kamar rashin ƙofar dubura ko babban yatsan hannu da bai cika ba. Hoton zuciya kuwa yana da amfani na biyu: yana nuna ta wane gefe babbar jijiyar jini ta lanƙwasa. A mafi yawan mutane ta hagu take bi, sai a buɗe ƙirji ta dama, a tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5. Likita zai kawar da huhu a hankali, ya gano ƙofar, ya ɗaure ta ya yanke daf da bututun numfashi. In ya bar saura da yawa zai zama aljihun da majina ke taruwa, in ya matsa da yawa kuma zai ƙuntata hanyar iska. Sai ya buɗe ƙasan jakar sama, ya jawo bakin biyu ya ɗinke da zare siriri mai narkewa, a kan wata roba da za ta wuce zuwa tumbi. Ta wannan roba ake fara ba da nonon uwa bayan kwana biyu ko uku. In tazarar ta yi yawa, ba a tilasta ɗinki: ana huda ciki a sa robar ciyarwa, a jira wata biyu zuwa uku bututun ya ƙara tsawo, ko daga baya a jawo tumbi ko wani yanki na hanji a maye gurbin.

Lewis Spitz da abokan aikinsa a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan sun nuna a 1994 cewa nauyin haihuwa da lafiyar zuciya su ne ke raba makoma. Jaririn da ya kai giram 1,500 ba tare da babban ciwon zuciya ba, kashi 97 cikin 100 sun rayu. Mai ɗaya daga matsalolin biyu, kashi 59. Mai duka biyun, kashi 22. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2021, kan yara 3,849 a ƙasashe 74 masu lahanin hanyar abinci iri bakwai, ciki har da wannan, ya samu mace-mace kashi 5.6 a ƙasashe masu arziki, 20.4 a matsakaita, 39.8 a matalauta. Wannan giɓi ba a ɗinkin likita kaɗai yake ba. Yana cikin kwanakin da aka ɓata a gida, da sanyin hanya, da ƙarancin na'urar taimakon numfashi da abincin da ake ba jariri ta jijiya, da nas ɗaya a kan jarirai da yawa.

Siffar da babu toshewa, wadda ake kira H, ita ce mai ɓuya. Yaron yana haɗiya, don haka robar gwaji tana wucewa. Sai dai yana ƙwarewa da abu mai ruwa, cikinsa yana kumbura in ya yi kuka, nimoniya kuma tana dawo masa a kai a kai. Wasu sai sun yi watanni ko shekaru ana canza musu magani. Da madubin da ake zurawa cikin bututun numfashi ake ganin ƙofar, ta wuya kuma ake yanke ta, ana kiyaye jijiyar murya da ke wucewa a wurin.

Abin da ƙarar numfashi ke faɗa

Sauran lahanin da ƙara suke bayyana kansu, kuma lokacin da ƙarar ke fita yana nuna inda matsalar take. In wajen jan numfashi ne, matsalar tana sama, a akwatin murya. Mafi yawan irin wannan laushin akwatin murya ne: yana farawa a makonni biyun farko, ya ƙaru zuwa wata 4 zuwa 8, ya tafi da kansa kafin shekara biyu, kuma in yaro yana shan nono yana ƙiba, kallo kawai yake buƙata. In wajen fitar da numfashi ne, matsalar tana cikin ƙirji. In kuwa ƙarar tana fita a shiga da fita duka, to akwai matsi tsayayye, wannan kuma ba a jinkiri da shi. Iyaye su ɗauki bidiyon yaron da waya lokacin da abin ya taso, ƙirji a buɗe, domin sau da yawa a gaban likita yaro lafiya lau yake numfashi.

Laushin bututun numfashi yana faruwa ne idan zobban ba su yi ƙwari ba, fatar baya kuma ta yi faɗi. A lafiyayyen bututu guringuntsi ya ninka fatar baya sau 4 zuwa 5, a mai laushi sau 2 zuwa 3 ne kawai. Lokacin fitar da iska, musamman a kuka ko tari, matsin ƙirji yana turo fatar baya gaba har ta kusa taɓa bangon gaba. Sakamakon shi ne tari mai haushi, da gurnanin ƙirji, da majinar da ba ta fita, da murar da ke daɗewa. Ana yawan ɗaukarsa asma, nan kuma akwai tarko: maganin shaƙa na salbutamol yana sassauta tsoka, tsokar bayan bututun kuwa ita ce ɗan abin da ke riƙe da shi, don haka wasu yaran ƙara lalacewa suke yi. Duk yaron da aka ce yana da asma tun yana wata biyu, magani kuma ba ya yi masa aiki, a sake tunani. Yawancinsu suna samun sauƙi tsakanin wata 18 da 24 yayin da guringuntsi ke ƙwari. Waɗanda ba a jira da su su ne masu ɗaukewar numfashi a lokacin cin abinci ko jim kaɗan bayansa, inda loma a bututun abinci ke danno bututun iska daga baya, yaro ya yi duhu ya sanƙame. A irin wannan ana ɗinke babbar jijiyar jini a jikin ƙashin ƙirji don ta jawo bangon gaba ya buɗe, ko a ɗinke fatar baya a jikin gadon baya.

Kishiyar wannan ita ce zobba masu rufe zagaye, harafin O maimakon C. Ba su da fatar baya da za ta ba su damar buɗewa, sai hanyar ta tsaya a milimita 2, wani lokaci ƙasa da haka, a gajeren wuri ko a kusan duk tsawon bututun. Abu ne mai wuyar samu, an ƙiyasta 1 cikin haihuwa 64,500. Sau da yawa yana zuwa tare da jijiyar huhun hagu da ta ɓata hanya, ta taso daga ta dama ta zagaya ta bayan bututun. Wani yaron yana lallaɓawa har sai mura ta farko ta kama shi, ko sai an zo sa masa robar numfashi don wata tiyata aka ga ta ƙi wucewa. A wannan hali tilasta robar shi ne mafi munin abin da za a yi, don kumburin da zai biyo baya zai rufe ɗan abin da ya rage. A bar ta a sama da matsin, a nemi hoton ƙirji na kwamfuta da madubi.

Gyaransa yana da hikima. Victor Tsang da Peter Goldstraw a Landan suka fara shi a 1989, Hermes Grillo na Boston ya inganta shi a 1994. Ana yanke bututun a tsakiyar matsin, a tsaga ɓangaren sama ta gefe ɗaya, na ƙasa ta ɗaya gefen, sai a zamar da su a kan juna a ɗinke. Tsawon wurin ya ragu da rabi, kewayensa ya ninka biyu, filin iska ya ninka huɗu, kuma da naman yaron aka yi, don haka yana girma tare da shi. Galibi sai an ɗora yaron a kan na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, wannan ne ya sa wuraren da ake yinsa ƙalilan ne ko a ƙasashen da suka ci gaba.

Matsin da ke zuwa daga waje kuma, sanannensa shi ne babbar jijiyar jini da ta rabu biyu ta kewaye bututun numfashi da na abinci. Yaron yana gurnani, yana son miƙar da wuyansa baya, in ya fara cin abinci mai tauri kuma ya riƙa tsaya masa. Robert Gross ya fara yanke irin wannan zobe a Boston a 1945. Ba a buƙatar tsayar da zuciya, amma ƙarar takan ɗauki watanni kafin ta tafi, saboda guringuntsin da aka daɗe ana dannewa ya yi laushi.

Akwai wasu da ba a cika gani ba. Tsagewar bangon da ke tsakanin akwatin murya da bututun abinci mataki huɗu ce, daga ƙarama mai sa ƙwarewa da ruwa zuwa wadda ta gangara cikin ƙirji. Rashin bututun numfashi baki ɗaya kuma, jariri ya fito yana ƙoƙarin kuka ba sauti, roba ta ƙi shiga, kusan duka ba sa rayuwa, kuma babu sakacin mai karɓar haihuwa a ciki.

Gado ne ko ba gado ba?

Tambayar da uba yakan yi a ƙofar ɗakin jarirai ita ce, "Likita, zai sake faruwa?" Amsar ta dogara da ko lahanin shi kaɗai ya zo. In toshewar bututun abinci ce ita kaɗai, ko cikin jerin VACTERL ba tare da wata cutar gado ba, yiwuwar maimaituwa a ciki na gaba wajen kashi 1 cikin 100 ne. Ko a tagwaye masu kama ɗaya, galibi ɗaya ne yake da shi, wanda ke nuna ba gado ne kai tsaye ba.

A kashi 6 zuwa 10 na yaran ana samun matsalar kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado. Ƙarin kuromosom na 18 shi ne kan gaba: jariri ƙarami, yatsu a dunƙule suna hawa kan juna, da ciwon zuciya, kuma yawancinsu ba sa kai shekara ɗaya, don haka gane shi yana canza shawarar da za a yi da iyaye kan tiyata. Masu ƙarin kuromosom na 21, wato lalurar Down, hanyar iskarsu ta fi ta sa'o'insu ƙanƙanta, an fi samun laushi da rufaffun zobba a cikinsu, shi ya sa likitan sa barci yake zaɓar musu roba ƙarama. Waɗannan ba a cika gadonsu daga iyaye ba, amma suna ƙaruwa da shekarun uwa.

Sai cututtukan ƙwayar gado guda da kan zo tare da wannan lahani. Cutar CHARGE, wadda aka gano a 2004 cewa ƙwayar CHD7 ce ke jawo ta, tana haɗa toshewar bayan hanci, giɓi a ido, kunne mai wata siffa da rashin ji, kuma mafi yawa sabon canji ne a jikin yaron, iyaye ba su da shi. Cutar Feingold, ta ƙwayar MYCN, daban take: in uwa ko uba na da ita, kowane ciki rabi da rabi ne. Alamarta ƙaramin kai, gajeren manuni da ƙaramin yatsa, da yatsun ƙafa a manne, don haka likita mai lura yakan dubi hannun iyayen ma.

Inda auren zumunta ya shigo shi ne cututtukan da sai yaro ya karɓi ƙwayar daga uwa da uba duka, tsarin da muka sani a sikila: iyaye lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4. Cutar Fanconi tana cikinsu, inda lahanin babban yatsa da ƙoda ke zuwa da farko, ɓargo kuma ya gaza yin jini bayan wasu shekaru. Haka cutar Fraser, mai rufaffen fatar ido da mannen yatsu da toshewar akwatin murya. Haka kuma lalacewar 'yan gashin da ke share majina a bututun numfashi: yaro yana da jiƙaƙƙen tari da yoyon hanci tun makon farko, ga ciwon kunne, kusan rabinsu kuma zuciyarsu a dama take. Irin waɗannan yara sukan sha maganin tarin fuka ba tare da suna da shi ba. Wannan ba hujja ba ce ta cewa duk auren dangi zai haifar da lahani, mafi yawa ba ya haifarwa. Amma idan ma'aurata 'yan uwa sun rasa jarirai biyu da alamu iri ɗaya, to su gaya wa likita dalla-dalla, da zanen dangantakarsu, tun kafin wani cikin.

Abubuwa biyu daga ɓangaren uwa ana iya yin wani abu a kansu. Ciwon suga da ba a daidaita ba a makonnin farko yana ƙara haɗarin lahani a zuciya, ƙashin baya da ƙoda, don haka kafin ɗaukar ciki ake gyara shi. Maganin carbimazole da ake ba masu maƙoƙo mai yawan aiki kuma an danganta shi da toshewar bututun abinci da na bayan hanci idan an sha a wata ukun farko. Mai shansa kada ta daina da kanta, domin cutar ma tana da haɗari ga cikin. Ta gaya wa likitanta tana neman haihuwa, akwai wani maganin da ake musanya mata da shi a wannan lokaci.

Yaron da aka yi wa gyaran bututun abinci ba a sallame shi ke nan ba. Ɗinkin yana yoyo a kashi 10 zuwa 20 a makon farko, yawanci ya warke da robar ƙirji da haƙuri. Wajen kashi ɗaya cikin uku wurin ɗinkin yana tsukewa, alamarsa yaro ya riƙa daɗewa a kan nono yana ƙwarewa, sai a buɗa shi da balan-balan, wani lokaci sau da yawa. Ƙofar tana sake buɗewa a kashi 5 zuwa 10. Hawowar ruwan tumbi da tari mai haushi kuwa kusan abokan tafiya ne, tarin kuma ba mai yaɗuwa ba ne, ya kamata malaman makaranta su sani. Lokacin yaye a fara da kunu da abinci mai laushi, a yanka nama ƙanana ƙwarai, a zaunar da shi tsaye da ruwa a kusa, kada a kwantar da shi da ya gama ci. In loma ta tsaya har yawu ya ƙi wucewa, asibiti za a je, ba a tura ta da tuwo. Takardar da ta bayyana irin tiyatar da aka yi masa kuma a adana ta, a nuna wa duk likitan da zai sa shi barci, ko da kaciya ce ko cire haƙori, har ya girma.